Hoton da Baba Isa bai gani ba

Na miƙa wa Baba Isa hoton, sai ya riƙe shi a juye yana shafa gilashin.

Ɗaukar hoto nake, ba ni da ubangida. Duk Sallah nakan wanke hoto in kai wa masu ba ni aiki. Bikin 'ya'yansa duk ni na ɗauka, shi ya sa na hau babur har garinsu Kademi.

"Ɗana, hoton wane ne?"

"Kai ne da marigayiya Inna, Baba."

"Idon ya tafi tun kafin azumi. Gaya min, tana dariya?"

Na ce masa eh. Alhali a hoton ko murmushi ba ta yi.

Har yanzu abin yana cina. Da ku ne, me za ku ce masa?