Yatsun Tanimun a Kan Robar Ƙarin Ruwa

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 1997, ina teburin rajista a asibitin Konni aka shigo da wani dattijo, Tanimun, mutumin Dogarawa. Katinsa ya nuna tsawonsa mita ɗaya da santimita saba'in da takwas. Na auna shi sau biyu, saba'in da ɗaya na samu. Ciwon daji ya ci ƙashin bayansa.

Yana kwance daura da ni, fuskarsa ba motsi, yana shan ruwa kofi bayan kofi, ƙishin bai tafiya. Maganin ƙashin da aka aiko daga Yamai yana cikin kwalbar ƙarin ruwa. Likita ya ce awa huɗu zai yi yana ɗiga; in aka gaggauta, ƙoda ta lalace.

"Malam," in ji shi, bai ko dube ni ba, "ƙashina na narkewa cikin jinina, ina jin shi kamar gishiri. Motar gida na tashi da la'asar, kuma gobe sunan jikana."

Yatsunsa duk kanta. Ina zaton ya yi shekaru yana murɗa famfuna a masana'antar siminti. Ga yatsun suna hawa robar ƙarin ruwan a hankali, kamar ba nasa ba, har sun kai ga ɗan makullin da ke tsare ɗigon. Idanunsa a rufe.

"Baba, bari!" na ce, na ƙwala wa likita kira. Motar ta tafi babu shi.

Ya dawo sau uku, bai ƙara yi mini magana ba. Ya rasu a gida cikin watan Maris, jikan yana wata biyar.