Ranar da Yaya Hansai Ta Kashe Randar Inna

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da Inna Delu, mahaifiyarmu, ta amsa kiran Ubangiji. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa mai sanyi a Daura ya san hannunta, ko da bai san fuskarta ba. Ni ne autanta, kuma ni kaɗai a gidan ban gaji ginin tukwane ba. Sau ɗaya na gina tulu, Inna ta juya shi ta ce in kai wa kaji su yi akurki. Tun daga ranar aka ba ni ɓangaren da ya dace da ni, wato surutu a kasuwa.

Inna tana da tsibin tsingaro a bayan gida. Duk wanda randarsa ta mutu, sai ya kawo mata gutsattsarin, a daka su a turmi, a cuɗa garin da sabon yumɓu don ya jure wuta. Amma da sharaɗi: sai tsingaron ginin gidanmu, kuma wanda ya yi aiki ya sha ruwa. Na tukunyar da ta fashe a matoya, wurin gasa tukwane, kuwa, ko kyauta ba ta so. "Wannan matsoraciya ce," in ji ta, "tsoro za ta koya wa ƙannenta."

To, a zaman makokinta ne maƙwabta, saboda kara, suka share gidan tas domin baƙi, suka kwashe tsibin nan suka cike kwata da shi. Allah Ya saka musu da alheri, sun share mana har da sana'ar. Toyin farko da muka yi bayanta, da zallar yumɓu, randuna suka riƙa fashewa kamar ana harba bindigar Sallah. Na rantse har mutanen Sandamu sun aiko tambaya ko lafiya.

Nan babban wanmu, Yaya Sule, ya yanke hukunci. Roba ta ci kasuwa, in ji shi, in toyi na gaba ya sake watsewa, za a sayar da filin matoya a gina shaguna. Wato Malam Iro mai kawo mana yumɓu a jaki, da Talatu mai daka, da sauran matan da suke ci daga gidan, kowa ya kama gabansa.

Yayarmu Hansai ita ce wadda Inna ta bar wa hannunta. Washegari da hantsi sai ta shiga zaure da taɓarya. A zauren akwai randar da Inna ta gina tun tana amarya, wadda duk unguwa ke sha daga cikinta. Ta kwashe ruwan ta ba tumaki, ta yi bisimilla, ta sauke mata taɓarya.

"Hansai, kin haukace?" in ji Yaya Sule, hula a hannu. "Abin da za mu riƙa kallo muna tuna Inna?"

"Yaya, kallo kake so ko Inna?" ta ce. "Talatu, kawo turmi."

Ni dai na yi kuka, har da majina, ban ɓoye ba. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Da aka yi toyi wuta ta huce, Yaya Hansai ta bi randunan tana ƙwanƙwasa su da zobenta, kowace tana amsawa ƙal, kamar ƙararrawa. Malam Iro, dattijo da furfurarsa, ya taka rawa, jakinsa ya yi masa kiɗa. Yaya Sule ya ƙwanƙwasa ɗaya da kansa, ya gyara murya, ya ce dama shi gwada mu yake yi.

Yau da Inna za ta leƙo, me za ta ce? Za ta tarar da jikarta Ummi tana ɗaukar hoton kaskon turare da waya, masu saye suna kira daga Mashi har tsallaken Nijar. Za ta ga masu firiji sun dawo neman randa da kunya, domin randa ba ta taɓa cewa an ɗauke wuta ba. Na san za ta yi tsaki ta ce bakin tandar wainarmu ya yi kauri. Daga nan ta zagaya bayan gida, ta ga tsibin tsingaro ya dawo, har an yi masa katanga saboda maƙwabta masu kara.

Randunan wancan toyin sun yi aiki, wasu sun mutu sun dawo, an daka su an zuba a na bayansu, na bayan ma haka. Inna ba ta bar mana gona ba, ba ta bar shanu ba. Amma in ka sayi randa a gidanmu, ɗan ƙwanƙwasa ta kafin ka ɗauka. Ƙal ɗin nan da za ka ji, har da na randar zaure a ciki. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya wa Daura ruwa.