Cokalin da na kasa sa wa 'yata

Shekara shida na yi ina jin kunyar kaina. 'Yata tana da shekara biyu zazzaɓi ya kama ta a gidanmu na Kwandiko, da la'asar sai jijjiga. Ido ya kafe, kumfa na fita a baki. Inna, mahaifiyata, ta cusa mini cokali tana ihu, "Sa mata a baki, za ta haɗiye harshe!" Ni kuwa ƙaton banza, hannu ya ƙi. Na durƙusa na tallafe yarinyar a kan gefen da ta faɗi, ina kallo har abin ya sake ta. Ta rayu, amma Inna ba ta manta ba. Ko kaza za a yanka sai ta ce, "A kira wani, wannan ba shi da zuciya."

Bayan na samu aiki a motar ɗaukar marasa lafiya a Gwaram, aka tura mu Birnin Kudu horo kan jijjigar yara. Malamarmu wata nas ce gajeriya mai tabarau. Ta kawo ɗan mutum-mutumi na roba, girman ɗan yaye, in ta danna wani abu sai ya hau karkarwa. Ta sa wata abokiyar aikinmu ta zama kakar yaro. Baiwar Allahn nan ta iya! Ta ɗora hannu a ka tana kururuwa, ta miƙo mini cokali. Na ce a raina, yau kam ba za a sake ba. Na fizge, na ɓare bakin roba na danna.

Nas ta kashe na'urar. "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ka karya masa haƙora, ka toshe masa hanyar numfashi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Hajiya! Harshen fa?"

Ta ce babu mai haɗiye harshensa. A kwantar da yaro a gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a sa komai a baki, a duba agogo. In jijjigar ta kai minti biyar, sai allura ko maganin da ake sawa ta dubura, wannan ma za ta nuna mana.

Ban san lokacin da na kwashe labarin 'yata na faɗa a gaban mutane ba. Ta tambaye ni yadda yarinyar take kwance. Na ce a gefe.

"To me kake so ka yi da ya fi haka?"

Wallahi sai da na nemi benci na zauna. Sau huɗu na maimaita gwajin ranar, kaka na ihu, ni ina kallon agogo.

Ran Juma'a na tafi gida da shirin cika baki. Na tarar Inna tana yi wa yarinyar kitso a tsakar gida. Na zayyana mata komai, har da ƙari. Ta shafa kan jikarta.

Can ta ce, "To, Allah ya rufa asiri da ya yi ka matsoraci."

Na fashe da dariya, sai ga hawaye. Inna ta harare ni, ta ce in matsa ina tare mata haske.