Mugun da Ya Shigo da Sallama

Ko zan manta da komai a duniya, ban da yammacin da wani tela ɗan garin Kibiya ya yi min ƙafa ina ji ina gani.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Rano tana tashe, kuma kowane wasa ni ne mugu. Sai wani mai shirya fim ya zo daga Kano, yana neman mutum ɗaya da zai fito a baffa mai cin gonar maraya. Mu biyu aka ware, ni da telan nan, mutumin da ko gaisuwarsa sai ka kasa kunne. Na ce a raina, ai an gama.

Bayan la'asar aka taru a filin makaranta, maza gefe, mata gefe. Ni na fara. Na shafa gawayi, na zare ido, na daka wa marayan tsawa har da dukan ƙirji. Aka yi ta shewa. Na hango mahaifiyata tana dariya har da riƙe ciki.

Sai gogan ya shigo da farar riga da carbi. Ya yi sallama, ya dafa kan yaron, ya ce, "Ɗana, ka ci abinci kuwa? Kunya ɗaya ce fa ta gonar na haɗa da tawa, don in rage maka wahala. Ni da mahaifinka ciki ɗaya muka fito, ni zan cuce ka?" Idonsa har ya kawo ruwa, wallahi kai ka ce shi aka zalunta.

Can sai wata tsohuwa 'yar ƙauyen Lausu ta miƙe, ta ce: "Allah ya isa! Haka nawa baffan ya ce min!"

Shi aka tafi da shi Kano. Baƙin ciki kamar ya kashe ni. Na koma gida ina jiran lallashi, sai mahaifiyata ta ce, "Kai dai ka ba ni dariya. Amma wancan, kada ka ƙara kai masa ɗinkina."

Kaico! Shekara da shekaru ina zare ido, ban taɓa samun wanda ya tsane ni haka ba.

A ranar na gane mugun da ke shiga ran mutane ba mai hargagi ba ne. Shi ne wanda kowa ya taɓa shimfiɗa wa tabarma a gidansa, wanda shi kansa ya yarda taimako yake yi.