Layar da Abla Mastura ta Farke

Abin da nake nema shi ne mace ɗaya mai karanta Larabci ta raka ni makarantar 'yata Madina ranar Asabar. Na faɗa tun farko don kar kuka ya sa in manta. Rabi'a 'yar marigayiya, rubuta yadda na faɗa, ni A'i ban iya ba.

Abla Mastura, ranar Talata, takwas ga watan ƙaramar sallah, 1429, ina shanya aka ce min kin rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saura kwana huɗu a koma makaranta kika tafi.

Shekara biyu da suka wuce kika fara ganina a bakin baƙala, wato kantin unguwa, a garin Kurayyat nan ƙasar Larabawa, goye da Madina, ƙafafunta na reto har gwiwata. Kika tambayi ajinta. Na ce ai ba ta tafiya, wa zai karɓe ta? Kika yi dariya, kika ce da ƙafa ake karatu?

A tsaye a wurin kika ba ni tarihi. Wai da kika fara koyarwa, yaro irinta sai zaman gida, ko makaranta ta daban can nesa. Daga baya aka soma sa su a makarantun unguwa. Sannan doka ta fito a 1421 cewa naƙasasshe yana da haƙƙin karatu. Shekarar da na haifi Madina ke nan, shi ya sa kike ce musu tagwaye, ita da dokar.

Kika kawo min kwafinta, kika ce wannan ce za ta buɗe wa yarinya ƙofa, in adana. To ni na ga rubutun Larabci, an ce yana buɗe ƙofa. Sai na yi alwala, na ninke, na kai aka ɗinke da fata, na rataya wa Madina a wuya.

Ranar da muka je, iƙamarmu, takardar izinin zama, lafiya lau, amma ni ko teburin ofis tsoro yake ba ni. Mudira, shugabar makarantar, ta ce aji a sama yake, ba hali. Kika miƙo hannu in ba ki takarda. Na nuna wuyan Madina. Kika dube ni, kika dubi layar, kika ce, "A'i, baiwar Allah, nizami, dokar ƙasa, kika ɗinke?" Da almakashin mudira kika farke ta. Mudira ta yi dariya har da hawaye, ku biyu kuka karanta, kafin azahar an sauko da ajin ƙasa.

Har kika kwanta ciwo ba ki daina ce min Malama mai laya ba. Kuma kullum Madina ta zo gaishe ki sai kin sa ta karanta miki kwalin shayi.

Bana an yi sabuwar mudira, aji uku kuma a sama yake. Tsoro nake ji, Abla. Takardar tana nan, duk da ramukan allura. Kin sa min lalle a gefen layin da za a karanta. Wurin na sani, bakin ne ba ni da shi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya buɗe miki ƙofa yadda kika buɗe wa 'yata. Yahya da Rabi'a, Allah ya ba ku haƙurin rashin uwa, mu ma ya ba mu.

Na gaya wa maigidana Gwadabe, ya ce zai kai mu a mota, amma namiji ba ya shiga makarantar mata. Na gaya wa Madina ma. Ta ce in ba a samu kowa ba, halas, shi ke nan, in riƙe mata takardar kawai, ita za ta karanta.