Goro Biyu Daga Hancin Jirgin Malam Zulkiflu

Ranar Talata, shida ga watan Mayun 2025, da hantsi, Wanda Ya ba mu aron Malam Zulkiflu Ndanusa Ya karɓi abinSa. Ya rasu a asibiti nan Kontagora bayan jinyar kwana tara, yana da shekara sittin da huɗu, aka yi masa sutura bayan sallar azahar. Ya bar matarsa Malama Ramotu, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da jiragen yaƙi uku da rabi a rataye a zaurensa.

Ni ne Muhyiddin, wanda ake ce wa Hedimasta ko da yake na bar aiki shekara goma ke nan. Tare muka yi firamare da marigayi, tare muka tsufa a layi ɗaya. Zan faɗi alherinsa yadda ya dace, amma dole in fara da abin da ya fi damuna. Akwai haƙƙinsa a wuyana na shekara shida, kuma ya tafi ban nemi yafiyarsa ba. Abin da na kasa faɗa masa mu biyu a zaure, yau zan faɗa gaban duk mai karatu.

Malam Zulkiflu, sana'arka rubuta allunan shaguna ce, kuma duk wanda ya ratsa kasuwar garin nan ya karanta hannunka ko bai san ka ba. Ba ka taɓa karɓar komai wurin makarantar Islamiyya ba, haka matan da mazansu suka rasu suka kafa tebur a ƙofar gida. Ba ka kuma rubuta ƙarya. Wani tela ya taɓa zuwa a rubuta masa "Ba Ma Saɓa Alkawari", ka ajiye burushi ka ce ya fara kawo rigarka ta Sallar bara tukuna. Ya kawo ta bayan sati uku, ka rubuta masa "Muna Ƙoƙari", kuma allon yana nan har yau.

A wannan sana'a ka haɗu da allon fom, farin allon nan mara nauyi mai takarda gaba da baya, wanda kake yanka haruffa da shi. Wasu sukan zubar da ragowarsa, kai kuwa ka dube shi ka ga fiffike. Ka samo hotunan wani tsohon jirgin yaƙin duniya na biyu, mai farfela a hanci da haƙora a zane a ƙarƙashinta. Ka auna hoton da rula, ka ninka kowane awo, ka zana shi a takardar siminti, sannan ka fitar da sassan da reza. Idan za ka lanƙwasa fiffike sai ka ɓare takardar gefe ɗaya, ka dinga murza allon a kan taɓarya a hankali har ya ɗauki siffa. Wata biyu Malama Ramotu tana aron taɓarya a maƙwabta. Tsinken tsire shi ne ƙashin fiffike, ƙarfen tsohuwar laima shi ke tura jela sama da ƙasa. Inji da batir da rimot ne kawai 'yarka Hamdiyya ta aiko maka daga Kaduna. Ka ɗiga kowace ƙusa ta jikin jirgin da bakin ashana, ka zana har tabon baƙin mai. A wuri ɗaya kawai ka saɓa wa hoton: matuƙin da ka sassaƙa ka sa masa hula zanna, ka ce ba za ka tura mutum sama kai ba hula ba.

Wata tara kana wannan aiki, ni kuwa wata tara ina dariya. Nakan leƙo zauren in tambayi ranar da za a kai mu Makka. Ban taɓa zama na ga yadda ake yi ba, ban kuma taɓa tambayar abin da ke cikin jirgin ba, kuma wannan rashin tambaya shi ya kai ni ya baro.

Da jirgi ya kammala ka yi abin da mai hankali zai yi a ƙasar da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ka je wurin mai unguwa ka yi bayani, aka kuma sanar a masallaci cewa ranar Asabar da safe za a ga jirgin yaƙi a saman filin ƙwallo, kada kowa ya gudu, ba na gwamnati ba ne, ba kuma na mutanen daji ba ne, na Zulkiflu mai fenti ne. Sanarwar da aka yi don kada mutane su watse ita ta tara su. Har daga Beri wasu suka zo a babur. Magdalena mai koko, da ta ga jama'a, ta ɗauko babbar robarta ta kafa a gindin mangwaron bakin fili.

Jirgin ba shi da tayar tashi, jefa shi ake yi da hannu. Ka ce ni zan jefa, don ni ne dogo, kuma don in ji da hannuna abin da bakina ya ƙaryata. Na gan ka ka ɗora shi a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fiffike, ya tsaya daidai bai rinjaya ko'ina ba, ka gyaɗa kai, ka miƙo mini. Sai ga mai unguwa ya iso, ka tafi gaishe shi.

Kowa ya san ni da goro. A ranar na fito a gaggauce ban saya ba, kaina har ya fara sarawa. Ina riƙe da jirgi sai na ga wani ɗan murfi a saman hancinsa. Na ɗaga, sai ga jan goro manya guda huɗu a jere, an naɗe su da ganye. Abin da ya zo mini a rai shi ne, lallai Zulkiflu ya gaji da masu roƙon goro, ya samo ma'ajiyar da ba wanda zai zata. Na yaba wa dabararka. Na jefa ɗaya a baki, na sa ɗaya a aljihu saboda anjima, na bar maka biyu, don ni ba azzalumi ba ne.

Ka dawo, ka yi bisimilla, farfela ta ɗauka, na jefa.

Ya Malam, abin ya yi kyau na ƙiftawar ido uku. Daga nan jirgin ya ɗaga hanci kamar rago ya hango wuƙa, ya miƙe tsaye a sama, ya tsaya cak, ya juya ya nufo ƙasa. Kana ta murɗa rimot bai san kana yi ba. Mai unguwa ya kwanta, jama'a suka kwanta, jirgi ya wuce ta kansu ya nutse da hanci a robar Magdalena. Koko ya tashi har ganyen mangwaro. Da aka tsamo matuƙin, hularsa tana nan a kansa.

Kana tattara gutsattsarin ne na ji kana magana kai kaɗai. Ka ce jelar ta fi hanci nauyi, alhali ka daidaita su da goro huɗu. Ka gwada dutse ya huda fom, ka gwada ƙusoshi suna yawo, goro ne ya zauna daram, kuma idan ya yi yawa sai a ɗan gatsa. A nan na gane ɓarnar da na yi. Na haɗiye abin da ke bakina ba tare da na gama taunawa ba. Hancin ya fashe, komai ya watse cikin koko, na tabbatar wa kaina ba mai iya ƙirga abin da ya rage. Kuma ai kowa sama yake kallo.

Daga ranar garin nan ya raɗa maka Kyaftin Koko, sunan bai sake ka ba har ka koma ga Allah. 'Yan acaɓa sukan sara maka idan ka wuce. Ba ka taɓa nuna ɓacin rai a waje ba, amma ni na san ya yi maka ciwo, don wata guda ba ka zauna majalisa ba. Ka je ka ba Magdalena haƙuri, ka rubuta mata allo da hoton jirgi tsaye a cikin roba, ka sa "Kokon Jirgi". Da ka rasu ta zo gaisuwa ranar addu'ar uku, ta yi kuka sosai, ta ce tun daga wannan allo kokonta bai sake kai hantsi ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya na zo zaurenka da niyyar faɗin gaskiya. Na tarar da kai ka buɗe littafin awonka ka zuba masa ido. Kafin in buɗe baki ka ce, "Hedimasta, kai ka yi boko. Lissafi ya ce huɗu, na sa huɗu. Ina na yi kuskure?"

Na ce wataƙila iska ce. Ka ce to, riƙe mini nan gam ya kama. Na riƙe.

Riƙon da na yi ke nan shekara shida. Kowace Asabar bayan karin kumallo ina zaurenka. Na koyi goge fom da takarda mai kaushi har ya yi sumul, na koyi cewa gam mai zafi ba ya tambayar shekarun mai yatsa. Ni da na shugabanci malamai ashirin na koma ana aike na wurin mai tsire roƙon tsinke. Kowane wata biyu ko uku sai ka jawo littafin nan ka sake tambayata inda ka yi kuskure, ni kuma in kawo sabon dalili: zafi, laima, ingancin batir, har maitar ido na taɓa ambata. Kakan rubuta kowane dalili a gefen shafi, ka ce za ka bincika. Sannan ka ɓare goro ka miƙo mini, ka tsaya kana kallona. Ban taɓa cin goro mai ɗaci irin na zaurenka ba.

Jirgi na biyu ya tashi bayan shekara biyu, a wata gona da aka girbe ta hanyar Salka. Wannan karon ƙarfe ka sa a hanci, ka liƙe murfin da gam ta kowane gefe, ban kuwa tambayi dalili ba. Minti goma sha ɗaya ya yi a sama, ya zaga, ya kwanta a gefe ɗaya rana ta haska haƙoransa, ya dawo ya sauka a kan ciki salin alin. Shaidu su ne ni da Malama Ramotu da wani makiyayi da shanunsa. Ka zauna a ƙasa kana dariya hawaye na zuba. Na so in faɗa a wannan lokacin, sai na ga bai kamata in ɓata maka ranar ba. Da muka ba da labari a gari ba wanda ya yarda, aka ce Hedimasta abokinsa ne, dole ya rufa masa asiri.

Ranar Lahadi kafin rasuwarka na zo asibiti, na ga yadda ka rame, tsoro ya kama ni. Na matso na ce, "Zulkiflu, akwai maganar da na daɗe ina so in yi maka, a kan jirgin farko."

Ka ɗaga hannu ka ce, "Bar ta sai na fito. Akwai fiffiken hagu da ba mu gama ba."

Na bar ta. Gaskiya ma na ji daɗin barinta, kuma wannan jin daɗin shi ne abin da ya fi cin raina da aka buga mini waya ranar Talata. Na bi gawarka har makabarta. Mutum zai iya neman gafarar Ubangijinsa a kowane lokaci, amma haƙƙin ɗan'uwa sai mai shi, ga shi mai shi muna mayar masa da ƙasa.

Bayan addu'ar bakwai na nemi iso wurin Malama Ramotu. Ta zauna daga bayan labule, ni ina bakin ƙofa. Na faɗa mata komai, tun daga murfin har aljihu, na ce tunda mai haƙƙi ya tafi, ina roƙon magada. Sai na ji wani sauti da na ɗauka kuka ne.

Ta ce, "Hedimasta, yi haƙuri, ba kai nake wa dariya ba. Ai Malam ya sani tun a filin. Ya ce ya waigo ya gan ka kana salati bakinka ja wur."

Na ce, "Ya sani? To me ya sa bai faɗa ba?"

Ta ce, "A ranar ya yafe maka, a gabana, kafin ya wanke kokon da ke rigarsa. Ni na ce ya gaya maka ka huta. Ya ce a'a. Ya ce shekara talatin yana cewa ka zo ku zauna kana cewa ba ka da lokaci, yanzu da Allah Ya kawo ka da ƙafarka, idan ya gaya maka wa zai riƙe masa fiffike? Kowace Juma'a da yamma sai ya share zauren ya ce gobe mutumina zai zo."

Ban san lokacin da na fita daga gidan ba. Na je neman yafiya na dawo da ita, na kuma gano ashe ni ma ina da abin da zan yafe. To, Zulkiflu, Asabar ɗari uku da wani abu, da ƙunar yatsu, da tambayar nan taka ta mugunta, duk na yafe duniya da lahira. Da ma ba su da nauyi, don ban yi zama mai daɗi irinsu ba tun da na girma, kuma ina kewarka ƙwarai.

Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Ramotu, da Hamdiyya da 'yan'uwanta, da jikoki, da dangi na nan da na nesa, da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin allon da marigayi ya rubuta. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a bayansa. Ya Allah, bawanKa Zulkiflu ya yafe wa wanda ya cuce shi tun kafin a roƙe shi. Kai Ka fi shi son yafiya. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani, Ka kuma zaunar da ni kusa da shi. Amin.