Ni Na Janye Kibiyar

A ofishinmu na Utako akwai na'urar da nake juya manyan kwamfutocin kamfani da ita daga kujerata, da allo ɗaya da linzami ɗaya mai motsa kibiyar da ke kan allon. Wani dattijo abokin aikina ya taɓa gwale ni a gaban mutane, na kuwa ƙullace shi. Ranar da ya shiga ɗakin kwamfutocin zai gwada wa oga wani gyara, sai na kama linzamin daga inda nake. Duk inda ya kai kibiyar, in janye ta. Oga ya ce tsufa ya sa hannunsa rawa, aka sallame shi.

Da zai tafi, hannuna ya riƙe. "Ƙanena, kai kaɗai ne ba ka yi mini dariya ba."